Tambaya kan tsofaffin makaɗan Amurka masu kiɗa ba ganga

Sawwag_Jidda:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar kiɗe-kiɗen waje. Ni direba ne anan Jidda, kullum in na je ɗauko yaran kafilina, wato maigidana, daga madrasa sai in zauna cikin mota ina jiran a tashe su, da jawwal, wato waya, nake rage lokaci. To shekaranjiya ina cikin YouTube sai ga wani bidiyo, dattawa ne turawa su biyar duk furfura, ɗaya ma sai da aka riƙe masa hannu ya hau dandamali, suka kewaye makirfo guda ɗaya tal. Ba ganga ba fiyano, kowa da abin kiɗansa mai tsirkiya. Amma wallahi da aka fara, tsohon nan da aka riƙo yatsunsa gudu suke kamar ba nasa ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne in ɗaya zai yi nasa sai ya matso gaban makirfo sauran su ja baya su sassauta hannu, yana gamawa ya koma wani ya shigo, ba wanda ya ce wa wani uffan, kallon ido kawai. A ƙasan bidiyon an rubuta bluegrass. Shin meye asalin kiɗan nan, kuma me ya sa ba sa sa ganga? Sannan akwai wani abin kiɗa mai zagayen fuska fara kamar an ɗaura fata, ni dai gurmi ya tuna min.

Abu_Hafsat_Yanbu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka faɗo a gidana, na yi shekaru ina aiki da wani injiniya ɗan Amurka anan Yanbu wanda ba abin da yake sawa a mota sai wannan, tun ina jin sa kamar hayaniya har ya shiga jikina. Wanda ake ce wa uban kiɗan sunansa Bill Monroe, an haife shi 1911 a jihar Kentaki, ya rasu 1996. Jihar tasu laƙabinta ke nan bluegrass saboda wata ciyawa da ke fitowa a can, shi kuma sai ya sa wa ƙungiyarsa Blue Grass Boys, daga nan sunan ya bi kiɗan gaba ɗaya. Shi mandolin yake kaɗawa, wannan ƙaramin mai tsirkiya takwas biyu-biyu. A ƙarshen 1945 wani saurayi Earl Scruggs ya shigo ƙungiyar da banjo, wato wannan da ka ce ya tuna maka gurmi, yana kaɗawa da yatsu uku, babban yatsa da manuni da na tsakiya, kowanne an sa masa ɗan abin tsinka kamar farce, shi ya sa kake jin sautin na zubowa kamar ruwan sama kan kwano. Shi da Lester Flatt mai jita suka fita a 1948 suka kafa tasu, kuma Monroe ya ji zafin abin sosai, shekara wajen ashirin ba ya musu magana, sai a 1971 suka haɗu da Flatt kan dandamali aka shirya.

Maganar ganga kuwa, tana nan a ɓoye, kunne za ka sa. Wancan babban gogen da ake tsayawa a rungume shi, shi ke buga ƙasa dum dum, sai mai mandolin ya datse tsirkiyarsa kaf a tsakanin bugun, to ka ga an samu uwar ganga da 'yar amshinta ba tare da an kawo fata ba. Makirfo ɗaya kuma gado ne daga zamanin rediyo, lokacin ba na'urar da za ta ɗaga wannan ta rage wancan, mutum da ƙafarsa yake daidaita ƙararsa, in kana son a ji ka ka matso, in lokacin wani ne ka ja baya. Dattawan da ka gani da wannan tarbiyyar suka tashi, galibinsu sun yi yaron gida a ƙarƙashin wani babba kafin su zama su. Mutum sama da 150 ne suka bi ta hannun Monroe shi kaɗai, irin su Del McCoury da ya yi aiki da shi a 1963 kuma daga baya ya dawo yana kiɗa da 'ya'yansa biyu Ronnie da Rob a ƙungiya ɗaya. Ka nemi wasan da Scruggs da Doc Watson da Ricky Skaggs suka yi tare wanda ya fito a 2003, Watson makaho ne tun yana jariri, lokacin yana wajen shekara tamanin, shi ko kallon idon ma ba ya gani amma bai taɓa shiga gonar wani ba.

Ɗan_Maiwurno:
Malam sawwag kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Banjo asalinsa bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka ne suka fara haɗa shi a can, da ƙwarya da fata da sanda, daga baya turawa suka ɗauka suka mai da ƙwaryar katako da ƙarfe. Akwai wani na ƙabilar Jola a Sanagal da Gambiya ana ce masa akonting, tsirkiya uku, ɗaya gajeriya da babban yatsa ke taɓawa, in ka duba banjo mai tsirkiya biyar za ka ga ita ma ta biyar ɗin gajeriya ce ba ta kai ƙarshen wuya ba. Gurmi da molo da garaya duk dangin juna ne da shi. Ni a Mai Wurno aka haife ni kusa da Sinnar a Sudan, ina yaro akwai wani tsoho mai gurmi a unguwarmu da in an yi biki sai an aika masa, kakanninsa daga Sakkwato suka zo. Ranar farko da na ji banjo a wani shago a Bab Sharif sai da na tsaya cak da leda a hannu, wallahi shi na tuna, Allah ya jiƙansa. Yanzu da yaƙin nan ya tarwatsa mutane ban ma san ko akwai wanda ya gaji gurmin nasa ba.

Hajiya_Ummu_Makka:
Ni dai ƙanena ina da ɗan gyara, kar a ɗauka tsufa ba ya taɓa makaɗi, yana taɓawa. Mahaifina ɗan amshi ne kuma mai kalangu a Katsina kafin mu zo Makka, na ga lokacin da hannunsa ya fara rawa, da safe sai an ɗumama masa ruwa ya tsoma yatsunsa kafin su miƙe. Gudun da yake yi da ƙuruciya ya tafi. Amma abin da ya rage masa yaran ba su da shi, ya san inda mawaƙi zai ja numfashi tun kafin ya ja, ya san inda zai yi shiru. Yaro in ya iya so yake kowa ya san ya iya, sai ya cika wuri ya danne waƙar. Ku tuna Shata, ai kalangai da yawa ne a bayansa amma ba ka taɓa rasa kalma ɗaya daga bakinsa, don kowa ya san matsayinsa. Ina ga abin da ka gani ke nan wajen turawan, ba saurin yatsa ne ya kama ka ba, ladabin da suke wa juna ne.

Abu_Hafsat_Yanbu:
Hajiya gaskiyarki, kuma a cikinsu ma akwai misali. Ralph Stanley, an haife shi 1927 ya rasu 2016, shi ma mai banjo ne amma da girma ya kama shi sai ya riƙa barin banjon ga yaransa yana tsayawa kan waƙa, kuma kyautar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, da ya ci a 2002 da muryarsa zalla ya ci ta, ba kiɗa ko ɗaya a bayansa, ya haura saba'in muryar duk ta dushe tana rawa, waƙar ma a kan mutuwa ce. Sai dai ni ban yarda a ce sauri ba komai ba ne, a kiɗan nan in hannunka ya kasa bin sahu dole ka ba da wuri, su ma sun san haka.

Sawwag_Jidda:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya Allah ya jiƙan Baba, maganarki ta sa na koma na sake kallo yau a bakin madrasa, wannan karon ban kalli mai gaba ba na bayan na zuba wa ido, sai na ga tsohon mai babban gogen tunda aka fara har aka gama bai matso makirfo ko sau ɗaya ba, kansa a sunkuye yana kaɗa ƙafa. Ɗan Maiwurno dan Allah in kana da wani sautin gurmi na can Sudan a wayarka ka turo min, ina so in sa su ɗaya bayan ɗaya a mota in ji.