Wai da gaske Amurka ƙasar Kiristoci ce tun kafuwarta?

Ɗan Birni: Salam jama'a, jiya muka yi ta musu da wani abokina a majalisa, shi ya dage wai a kan Kiristanci aka kafa Amurka tunda har a jikin dala sun rubuta sun dogara ga Allah. Masana a taimaka.

Mai Nazari: Wslm. Malam rubutun nan ai sai 1957 ya hau takardar dala. Gyaran farko na tsarin mulkinsu a 1791 ya hana majalisar tarayya kafa addinin gwamnati, kuma a yarjejeniyarsu da Tarabulus ta Libiya wadda shugaba John Adams ya sa wa hannu a 1797 ƙarara aka rubuta ba a kan Kiristanci aka kafa gwamnatin ba, da Musulmi fa suka yi ta.

Hajiyar Kasuwa: To amma yallaɓai kar ka manta yawancin mutanen lokacin Kiristoci ne, jihar Massachusetts ma sai 1833 ta daina tallafa wa coci da kuɗin haraji. Abokin nasa bai yi ƙarya duka ba.

Ɗan Birni: Kai Hajiya kin ɓata min lissafi wallahi, da har na shirya masa yau da daddare.