Ranar da kuka sake jin kiɗan wasan bidiyo na yarinta, yaya kuka same shi?

Baban Khalifa, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A makon jiya ina zaune cikin mota a tasha, muna jiran ta cika mu kama hanyar Kano, sai wayar wani saurayi da ke bayana ta yi ƙara, kuma ƙarar ba wata ba ce illa kiɗan matakin farko na Super Mario Bros. Kafin yaron ya lalubo wayar daga aljihunsa, na tarar babban yatsana na dama yana danna bakin jakar da ke kan cinyata, daidai yadda nake danna maɓallin tsalle shekara 30 da suka wuce. Na'urar da muke da ita a lokacin ba ta Nintendo ta asali ba ce, irin ta kwaikwayon nan ce mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa 9999 a jiki, alhali idan ka ƙirga da kyau ba su fi goma sha wani abu ba, sauran duk maimaici ne.

Da na dawo gida na nemo kiɗan a YouTube na saurare shi cikin natsuwa, sai abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko, duk tsawonsa kusan minti ɗaya da rabi ne kafin ya koma farko, ni kuwa a raina doguwar tafiya ce. Na biyu, wanda ya fi damuna, ji na yi kamar ana korar makaɗin, domin ya fi wanda na sani sauri ƙwarai. Na san Koji Kondo ne ya tsara shi a 1985, kuma a 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, karo na farko da kiɗan wasan bidiyo ya samu wannan matsayi, saboda haka ba na zaton wani ya taɓa asalinsa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da kiɗan wasan yarintarsa bayan dogon rabuwa ya faɗa mana yadda ya same shi, ko na gane in kunnena ne ya tsufa.

Ɗan Damagaram

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kunnenka lafiyarsa ƙalau, domin abin da ya same ka ya same ni, sai dai ni da wasan Sonic ne, na bushiyar nan mai gudu. Kawunmu ne ya zo mana da Mega Drive, na'urar wasa ta kamfanin Sega, daga Faransa ina ƙaramin yaro, kuma duk lokacin hutun lakwal a gaban tele muke yini har sai an ɗauke kuran. Kiɗan filin farko, mai koren tudu da bishiyoyin kwakwa, a hankali yake tafiya a wajenmu, kamar mai yawon shan iska da la'asar. Bayan shekaru masu yawa na ji shi a wayar wani abokin aikina, na rantse masa cewa an ƙara masa gudu, shi kuma ya rantse cewa haka Masato Nakamura ya tsara shi tun 1991. Sai da muka kusa ɓatawa a kan kiɗan bushiya mai launin shuɗi, mu da muke da iyali. Daga baya na gano shi ne mai gaskiya, amma har yau nawa mai nawa ɗin ya fi kwanta mini, kuma na asalin nake ji kamar na bogi.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari

Malamai, ku duka biyun gaskiya kuka ji, kuma dalilin yana cikin akwatin talabijin ne. A Japan da Amurka hoton talabijin yana sabuntuwa sau 60 a daƙiƙa, a Turai da nan ƙasashenmu kuwa sau 50 ne. Wasannin wancan zamani da wannan bugun suke ƙidaya komai, tafiyar ɗan wasa da tsalle da kiɗa, saboda haka idan aka ɗauki wasan da aka rubuta domin 60 aka ɗora shi a kan 50 ba tare da gyara ba, sai komai ya rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. Sonic na farko haka ya fito a Turai. A na biyu, na 1992, an gyara saurin kiɗan, shi ya sa ba za ka ji wannan bambanci a can ba, Ɗan Damagaram. Na'urorin kwaikwayo irin ta Baban Khalifa kuwa, wasannin Japan aka kwafo aka zuba musu, alhali da yawansu a kan 50 suke aiki.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi tun ina yaron shago, lokacin da ake kawo mana irin waɗannan na'urori gyara, galibi saboda adafta ta ƙone. Ƙwaƙwalwar sautin Famicom, wato na'urar Nintendo ta asali wadda ta fito a 1983, murya biyar kawai gare ta: biyu masu kaifi da ke ɗaukar karin waƙa, ɗaya mai kauri da ke riƙe ƙasa, ɗaya mai shuuu da ake yin ganga da ita, sai ta biyar ta ɗan guntun sautin da aka naɗa. A yawancin na kwaikwayo an harhaɗa siffofin muryoyin nan biyu masu kaifi a juye, sai kiɗan ya fito da wani amo daban, wani wuri ya yi siriri, wani wuri ya yi kauri. Ke nan ba saurin kaɗai ya bambanta ba, har muryar da kuka saba da ita ba ita ce wadda mai kiɗan ya ji a ɗakin aikinsa ba. Idan kuka kasa kunne kuma za ku ji cewa duk lokacin da Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, ɗaya daga muryoyin kiɗan takan ɗauke na ɗan lokaci, domin ita ake ara a yi ƙarar da ita.

Maman Ummi, Kaduna

Ni nawa labarin ya sha bamban, domin yayyena maza ba sa barin abin ya zo hannuna sai batir ya kusa mutuwa. Game Boy ce guda ɗaya a gidan, da kaset ɗin Tetris, kuma ina wanke-wanke a tsakar gida nake jin kiɗan yana fitowa daga zaure. Da kunne na koyi wasan kafin hannu. Idan tubalan suka taru suka kusa kaiwa sama ƙarar saukarsu takan ƙara sauri, ni kuwa da na ji haka sai in ɗauraye hannuna in nufi zaure, domin na san mai yi ya kusa faɗuwa, wataƙila a ji tausayina a ba ni.

Bara Ummi ta nuna mini wani bidiyo na masu rawar gargajiya a Rasha, maza da jajayen riguna suna tsugunne suna harba ƙafa, sai na ji kiɗan zaurenmu ne ake yi da manyan kayan kiɗa. Na ce mata sun sato kiɗan gem, ta yi ta dariya. Ashe waƙar gargajiyarsu ce tun ƙarni na 19, Hirokazu Tanaka ne ya mayar da ita muryar na'ura domin Tetris ɗin Game Boy na 1989, kuma wasan kansa wani ɗan can, Alexey Pajitnov, ne ya ƙirƙire shi a Mosko. Duk da haka, da suka ƙara sauri wajen ƙarshen rawar, sai da gabana ya faɗi.

Abba Eleven, Kano

Tuba nake, iyayena da yayyena, amma ina ganin kewar yarinta ce take yi muku kiɗan, ba na'ura ba. Ni a shagon gem na tashi, zamanin PlayStation, inda talabijin shida ke jere a ɗaki ɗaya, janareta yana ruri a bakin ƙofa, masu jiran layi suna ihu a kanka. A irin wannan wuri babu wanda ya san wani kiɗa. Abin da ya tsira a kunnena biyu ne kawai: muryar Jon Kabira, mai sharhin Winning Eleven da harshen Japan, wanda muke kwaikwayo ba tare da mun san abin da yake faɗa ba, da kuma sautin da na'urar take yi idan an kunna ta. Wannan na biyun ba daɗinsa muke ji ba, addu'a muke yi a kansa, domin faifan duk ya sha karce, kuma idan farin allo ya wuce baƙin bai biyo baya da tambarin PS ba, to kuɗinka na tafiya mai shago yana goge faifai da gefen rigarsa, wani lokaci har ya kifa na'urar a kan cikinta. Na sake jin sautin kwanan baya a wani bidiyo, kuma abin da ya zo mini shi ne fargaba.

Saboda maganarku na je na saurari na Mario ɗin, ban ji komai ba sai ƙiriri-ƙiriri. A yau ma idan zan buga Call of Duty a waya, abu na farko da nake yi shi ne kashe kiɗan gaba ɗaya, domin takun abokin gaba nake so in ji, daga hagu yake ko daga bene. Shi ya sa har yanzu iyafis mai waya nake sawa, na Bluetooth yakan ɗan makara, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa a harbe ka kafin ka juya.

Mai Fiyano, Jos

Ƙanena Abba, rabin maganarka na karɓa, rabi kuwa sai mun zauna. Ni sana'ata ke nan, ina haɗa kiɗa a situdiyo, kuma ban taɓa mallakar Sega ina yaro ba, saboda haka babu kewar da za ta ruɗe ni. Ina da shekara 30 da ɗoriya wani yaron aikina ya kunna mini kiɗan Streets of Rage 2, na 1992, na tsayar da aikin da nake yi na tambaye shi wane situdiyo ne ya yi wannan. Da ya ce daga cikin kaset ɗin Mega Drive yake fitowa, ban yarda ba sai da ya nuna mini. Yuzo Koshiro ya tsara yawancinsa, yana rubuta shi kamar lissafi a tsohuwar kwamfutar NEC, kuma muryoyi shida na ƙwaƙwalwar Yamaha da ke cikin na'urar su ne jarinsa, da wasu 'yan ƙanana na taimako. Ni da nake da layin sauti fiye da 40 a kwamfutata na ji kunya.

Na Mario da ka raina kuwa, ka gwada buga shi a fiyano ka gani. Na taɓa cewa zan yi shi cikin minti biyar don in ba yara dariya, sai ga ni ina gumi, domin karin yana yawan faɗowa a tsakanin bugu, ba a kansa ba, gangar kuma tana tafiya da wani rangaji nata daban. Wanda aka ba murya uku da 'yar ganga ba shi da inda zai ɓuya, kamar mai kuntigi ne da tsirkiya ɗaya: in karin bai yi ba, kowa zai ji. Inda na yarda da kai shi ne maimaici yana da nasa aikin, domin abin da yaro ya ji sau dubu dole ya zauna masa, mai kyau ne ko maras kyau. Amma wasanni nawa ne a cikin kaset ɗin Baban Khalifa, kuma guda nawa ne yake iya rera kiɗansu yau?

Ɗan Zango, Kumasi

Gaisuwa ga manya. Ni na fara sanin kiɗan Mario ne a Nokia 3310, kafin in taɓa ganin wasan da idona. Wayar tana da wurin da mutum zai rubuta kiɗan kiransa da kansa, sai wani abokinmu ya zo da lambobin a rubuce a bayan littafin makaranta, muka yi ta kwafa hannu zuwa hannu. Murya ɗaya tak wayar take fitarwa, kuma a wajen kwafar wani ya tsallake alama biyu, saboda haka duk unguwarmu da gurguwar waƙa muka tashi. Ranar da na ji cikakkiyar, da muryoyinta duka, sai na ga kamar an yi mata ƙari a tsakiya.

Baban Khalifa, Zariya

Na gode muku ƙwarai, musamman Malam Mai Gyaran Rediyo, Allah ya ƙara basira. Jiya da daddare na bi lissafinka, na rage saurin bidiyon zuwa 0.85, wanda shi ne mafi kusa da biyar cikin shida da na samu, kuma tun daga bugun farko na san na dawo ɗakin mahaifiyata, har da tabarmar da muke zama a kai da warin adafta idan ta yi zafi. Muryar dai ba ta koma yadda na santa ba, kamar yadda ka faɗa, ta fi tawa tsabta. Amsar tambayarka kuma, Mai Fiyano, uku na iya rerawa: Mario, da Contra, da ɗan gajeren kiɗan da ake yi kafin tankokin yaƙi su fito. Sauran ko sunansu ban riƙe ba.

Na kira Khalifa na kunna masa duka biyun ban gaya masa komai ba, na ce ya zaɓa. Ya zaɓi mai saurin, ya ce ɗayan kamar batir ne ya yi sanyi, sannan ya karɓi wayar ya koma kan Free Fire ɗinsa. Malam Mai Gyara, idan irin na'urar nan mai kaset ruwan ɗorawa ta faɗo shagonka, ko da maɓallin hannu ɗaya ne ke aiki, ka ajiye mini ita.