Haƙorana na ƙasa suna cinyewa tun da aka sa min biniya, ina mafita?

Ummu Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 3 ke nan da aka manna min biniya, siririn rufin nan na tangaran, a haƙorana 6 na sama. Tun ina ƙarama suke da dabbare-dabbare, ko dariya zan yi sai na kare baki da hannu, hotunan makaranta duk bakina a rufe yake. Na saman suna nan fes, amma na ƙasa sun fara gajarta, bakinsu ya yi sumul kamar an fiƙe. In na kurɓi ruwan sanyi sai in ji tsam har cikin kaina. Wata ta ce in cire in sa kwamfosit, irin cikon nan mai launin haƙori. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Ɓawon da ke lulluɓe haƙori, inamel, shi ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adani ne, sai dai in ya zaizaye ba ya dawowa. Tangaran ya fi shi tauri, kuma da zarar fuskarsa ta yi kaushi sai ya riƙa cin haƙorin da yake guga kamar sanfefa. Kaushin ne ya fi yin ɓarna, ba taurin ba. Zakoniya, wadda ita ma ake yin rufin haƙori da ita, ta fi tangaran tauri, amma in an goge ta ta yi santsi ba ta cin inamel sosai. Ki koma a duba haɗuwar haƙoranki, a goge inda ya yi kaushi.

Maman Zahra: 'Yar'uwa kada ki kuskura! Kwamfosit aka sa min, shekara 4 ya dushe, shayi da kofi suka rina gefensa. Da na koma, likitan ko ɗago kai bai yi ba ya ce haka yake. Har yau abin na ci min rai.

Abu Sadik: Hajiya, dama kwamfosit ya fi inamel laushi, shi ke cinyewa ya bar haƙori. Yakan yi shekara 5 zuwa 7, tangaran 10 zuwa 15. Ummu Hanif, kina gurza haƙora cikin barci?

Ummu Hanif: Maigida ya ce yana jin ƙara da dare. An ba ni robar da ake sawa a baki, na yi sati biyu na ajiye, tashin zuciya take sa ni. Amma Malam ai tun kafin biniya nake gurzawa, me ya hana su cinyewa a lokacin?

Abu Sadik: A lokacin inamel ke gugar inamel. Robar nan ita ce maganinki, a rage mata kauri.

Abban Walid: Ni dai in ni ne, cirewa zan yi gaba ɗaya in huta.

Abu Sadik: Ba ya yiwuwa, ɗan'uwa. Yawanci sai an kankare kusan rabin milimita na inamel kafin a manna, ba a barin haƙorin tsirara.

Ummu Hanif: Ni ban yi nadamar sawa ba, ba ku san abin da na sha ba. Robar ce dai ba zan iya ba. Akwai wanda ya sa biniya a na ƙasan ma?