Su wa ke murɗe fuskokin 'yan wasan barkwanci a bidiyo, kuma in ci gaba da tura wa yara?

Mai Caji, wani ƙauye tsakanin Wudil da Gaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da rumfar cajin waya a bakin titin garinmu, sola biyu da batir ɗaya, kuma ina tura wa mutane fina-finai da karatun malamai a memori. Shekara 8 ina wannan sana'a, na san abin da kowa yake so. Amma tun bayan girbin gero yara suka fito da wata buƙata da ta ɗaure min kai.

Ranar Juma'a, da mutane suka dawo daga kasuwar Wudil, ɗan yayata mai shekara 13 ya miƙo min waya ya ce, "Kawu, kalli wannan." Guntun wasan barkwanci ne na Turawan Amurka, wani siririn saurayi zaune a kan doguwar kujera. An ja fuskarsa ta yi tsawo kamar goran duma, idanunsa jawur suna walƙiya, launin hoton ya ƙone kamar ƙosan da aka manta a cikin mai. Ya faɗi kalma ɗaya, aka maimaita ta wajen sau goma, wani zubin da muryar ɗan tsako, wani zubin kamar daga cikin rijiya. Sai dariyar 'yan kallo ta ɓarke har wayar tana karkarwa a hannuna. Daƙiƙa 14, ya ƙare. Yara biyar a kan bencina suna birgima, ɗaya har da hawaye, alhali babu mai jin Turanci a cikinsu.

Wannan ban damu da shi sosai ba. Na jiya ne ya hana ni barci. An yi wa marigayi Rabilu Musa Ibro irin wannan aika-aikar, an kumbura masa kai, an mayar da muryarsa kamar kukan akuya. Mutumin Ɗanlasan ne, nan kusa da mu, ya rasu tun Disambar 2014, kuma yana da 'ya'ya da dangi masu riƙe waya. Su wa ke haɗa waɗannan abubuwa? Me suke samu? Kuma ni da nake turawa, ina da kamasho a alhakin?

Ɗalibin kwamfuta daga Dutse:

Wa alaikumus salam Yaya. Abin ya daɗe, yanzu ne ya iso mana. Tun farkon YouTube, wanda aka buɗe a 2005, matasan Turawa suke yanka katun da tallace-tallace suna jujjuya su, suna kiran salon YouTube Poop. Wanda ka kwatanta ya yi kama da The Big Bang Theory, wasan da tashar CBS ta nuna daga 2007 zuwa 2019, shi ma ana yi masa haka.

Akwai dalilin da ba na dariya ba. A 2007 YouTube ta fito da Content ID, manhajar da ke gane hoto ko sautin da wani kamfani ya mallaka, ta toshe shi ko ta ba mai shi kuɗin talla. Sai masu ɗora guntayen wasanni suka koma juya hoton dama ta koma hagu, su ƙara masa sauri, su sirantar da murya, don kada a gane. Ga shi kuma duk bidiyon da aka sauke aka sake ɗorawa sau da yawa sai ya dusashe. A hankali lalacewar da kanta ta zama abin so, ana yinta da gangan. Yau yaro mai ƙaramar waya zai haɗa irinsa da CapCut, manhajar haɗa bidiyo ta kamfanin ByteDance masu TikTok, kafin shayinsa ya huce. Yawancinsu mabiya kawai suke nema.

Autan Hajiya:

Kawu, ka yi haƙuri, mu abin da ke ba mu dariya shi ne ba ka san me zai faru ba. Kana jiran mutum ya gama magana sai kansa ya fashe da haske. Ai ku ma kun yi tashe da azumi, kun manna gemun auduga, kun cusa tsummokara a ciki kun zama ƙaton malami. Amma na Ibro ni ma da na gani ban tura wa kowa ba, raina bai so ba.

Malama daga Gaya:

Auta, ɗan tashe kansa yake wa kwalliya, kuma tsohon da yake kwaikwayo ba shi da suna. Wannan kuwa fuskar bawan Allah ce da ke kwance a kabari.

Malam mai caji, ni a aji huɗu nake koyarwa. Makon jiya na tarar da yara sun kewaye wani ɗalibina mai in'ina, suna maimaita kalmarsa ta farko da siririyar murya, daidai yadda ake yi a bidiyoyin nan. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, bai ƙara magana ba har aka tashi. Na karanta musu aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana yi wa juna izgili, na kuma je na ga iyayen biyu daga cikinsu. Ba na ce ka hana su dariya ba. Kai ne ƙofar da abubuwa ke shigowa garinku, ka riƙa dubawa kafin ka tura.

Mai Caji:

Na gode muku duka, Allah ya saka. Malama, labarin yaron nan ya taɓa ni, ƙanina ma yana da in'ina. Na goge na Ibro daga kwamfutata, na kuma gaya wa yaran ba zan tura shi ba ko an biya ni ninki. Na Turawan na bar musu guda uku da na duba babu batsa.

Da yamma na zaunar da ɗan yayata na kunna masa wani tsohon wasan marigayin cikakke, da muryarsa ta ainihi. Da farko yana ta kai yatsa zai tura gaba, na riƙe masa hannu. Can wajen minti na shida ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Kawu, dama haka yake magana?" Ya roƙi in saka masa a memorinsa, na saka ban karɓi ko sisi ba.