Wace Kalma Za Mu Ba "Peacebuilding" a Hausa?

Jama'a, ina neman shawarar masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo a kan kalmar Turancin nan "peacebuilding", wadda ta cika takardun taro a Jos, musamman tun da gwamnatin Simon Lalong ta kafa hukuma mai wannan suna a 2016. Galibi ana cewa "gina zaman lafiya", amma a bakin Bahaushe ba a gina zaman lafiya. Samun sa ake yi, a kiyaye shi, ko a rasa shi.

"Wanzar da zaman lafiya" kuwa ta riga ta zama ta dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma irin aikin da rundunar haɗin gwiwa take yi ke nan a Filato tun 2010: shingayen bincike, sintiri, da dokar hana fita idan abu ya ɓaci. Wannan yana sa ƙura ta lafa, amma bai mayar da kowa gidansa ba. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun raba garin Jos, har Musulmi suka tattare a irin su Unguwar Rogo da Gangare, Kirista kuma a irin su Unguwar Rukuba da Jenta, bayan wasu sun sayar da gidajensu da araha, wasu sun yi musaya. Akwai mai Keke Napep da zai sauke fasinja a bakin wata unguwa bayan magariba, ya ce iyakarsa ke nan. Kasuwar Terminus da ke haɗa kowa ta ƙone a 2002, aka kwashe sama da shekara 20 ba a maido da ita ba. Gyaran wannan ɓarnar ne muke nema wa suna.

"Sulhu" zama ne da ake yi a tashi, dattawa su sa hannu, a ɗauki hoto. "Ɗinke ɓaraka" ta fi daɗin faɗa, sai dai 'yan jarida sun gajiyar da ita a kan rigimar jam'iyyu. "Salama" kuma ta fi zama a bakin masu zuwa coci, alhali muna son kalmar da Berom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani za su ji ba ta karkata ba.

Shawarata ita ce "farfaɗo da zaman tare". Tana nuna cewa abin ya taɓa kasancewa, wanda gaskiya ne a garin da haƙar kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina, kuma tana nuna aiki ne na lallaɓawa da ba a gamawa a zama ɗaya. Aibinta tsawo, kuma kanun labari ba zai so ta ba.

Abin da nake so in ji daga mutanen ƙananan hukumomin Barkin Ladi da Riyom da Bokkos a Filato shi ne ko za ta ɗauki rikicin gona da burtali, inda manomi da makiyayi ba katanga ɗaya suka haɗa ba, ƙasa da ruwa suka haɗa.