An saka min X a da'awata ta farko: aikin katod ɗina ya mutu ke nan?

Bagumale a Jamus:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san harkar takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent, musamman ta Turai, ya ɗan haska min. Tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba.

Ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a wata jami'a a nan Jamus, aikina kuma a kan batir maras ruwa ne. A batirin wayarka akwai wani ruwa mai saurin kama wuta, ta cikinsa litiyam ke kai da komo tsakanin katod da anod, wato ɓangarori biyu na batirin. Mu gari muke zubawa a madadin ruwan, mu danne shi da injin matsa har ya koma kamar ƙwayar magani. Garin da nake aiki da shi Li6PS5Cl ne, dangin wanda aka bayyana a Jami'ar Zigen a 2008. Litiyam na wucewa ta cikinsa da sauri, amma shi da danshi ba sa ga maciji. Ranar da safar akwatin da muke aiki a ciki, mai cike da iskar agon don kare garin daga danshi, ta huje min, ɗakin gwaji ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, aka kora kowa waje cikin sanyin Janairu, suna ta harara ta.

Babbar matsalar ita ce inda garin ya haɗu da katod mai nikel da yawa, irin NMC811. Da caji ya haura bolt 4, sai garin ya fara lalacewa a wurin, ya yi wani ɓawo da ke tare wa litiyam hanya. Maganin da kowa ya sani shi ne a yaɓe kowace ƙwayar katod da LiNbO3 siriri, wani sinadari na litiyam da niyobiyam, kamar yadda su Kazunori Takada suka nuna a cibiyar NIMS ta Japan a 2007. Ni abin da na yi, na cire kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na niyobiyam na sa tantalam, na gasa a tsantsar iskar oksijin a zafin digiri 350. Bayan caji 300, nawa ya riƙe kashi 91 na ƙarfinsa, mai tsohon yaɓe kuwa kashi 74. Wata goma sha huɗu na yi kafin in kai nan.

A watan Maris jami'a ta shigar da takarda a ofishin fatent na Turai. Rahoton bincike ya dawo, ga X, alamar cewa wata tsohuwar takarda ita kaɗai ta isa ta tare ni, ɓaro-ɓaro a gaban da'awa ta 1 zuwa ta 6, wato jimlolin da ke fayyace abin da muke neman mallaka. Tsohuwar takardar da suka kafa hujja da ita, wadda suka kira D1, ta wani kamfanin Japan ce. Sun ce a yaɓe katod da litiyam haɗe da ɗaya ko fiye daga ƙarafan Nb (niyobiyam), Ta (tantalam), Zr, Ti da W, kauri daga nanomita 1 zuwa 100. A misalinsu na 7 akwai Nb 80 da Ta 20, kauri 10. Amma wallahi cike gurbi kawai suka yi da shi. Caji 50 suka yi suka tsaya, ko jimla ɗaya ba su rubuta cewa ya fi sauran ba.

To ta yaya wanda bai san abin da ke hannunsa ba zai tare min hanya, ni da na gano amfaninsa?

Injiniya Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam Bagumale, ban fahimci rabin sinadaran nan naka ba, amma me zai hana ka kawo abinka gida? Ni na yi rajistar injin busar da tumatir ɗina a Abuja, na cike fom, na kai zane, na biya kuɗi, takarda ta fito. Ba wanda ya ce min D1 balle D2. Ga ta can na sa mata gilashi na rataye a shago.

'Yar Katsina a Munik:

Injiniya, Allah ya sanya albarka a injin, amma bari in faɗa maka abin da ke bayan gilashin nan. Dokar fatent ta Najeriya ta 1970 ta ce dole abu ya zama sabo, sai dai ba ta ɗora wa magatakarda binciken hakan ba. Takardu kawai yake dubawa ko sun cika. Sashe na 4 ma ya faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ranar da ka kai wani Babbar Kotun Tarayya a kan ya kwaikwayi injinka, ranar lauyansa zai zo maka da D1 ɗinka. Kuma takardar Najeriya a Najeriya take tsayawa, masana'antun batir kuwa suna Sin, Koriya ta Kudu, Japan, Turai da Amurka.

Ƙanina Bagumale, shekarata ta shida ke nan ina rubuta irin waɗannan takardu a wani ofishin lauyoyi, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo mana da rahoton farko da irin fuskar da nake hasashen kana da ita yake zuwa. X a rahoton farko ba jana'iza ba ce. Lauya da gangan yake faɗaɗa da'awar farko, don a ga inda za a ce masa tsaya.

Ƙofa biyu ce a gabanka, kai kuma ka haɗe su. Ta farko sashe na 54 na yarjejeniyar fatent ta Turai: shin abin sabo ne? Ta biyu sashe na 56: shin wanda ya san sana'ar zai iya kaiwa gare shi cikin sauƙi? Kashi 91 ɗinka kuɗi ne da ake karɓa a ƙofa ta biyu. A ta farko ko kallonsa ba a yi. Mai tantancewa ba ya auna wahalar da ka sha, kalmomin da'awarka yake ɗauka ya ɗora a kan D1 ɗaya bayan ɗaya. Da'awa iyakar gona ce. Idan ka ja iyakarka sai aka tarar da bukkar wani a ciki tun kafin ka zo, ba ruwan alƙali da ko mai bukkar ya san ƙasar tana da albarka.

Jerin Nb, Ta, Zr, Ti, W ɗin nan da kaurin 1 zuwa 100 ba su ne suka fi tayar min da hankali ba. A Turai, in ka zaɓo haɗi daga jeri biyu masu tsawo, ko ka yanko ɗan ƙaramin zango daga babba, nesa da misalan da aka bayar, ana iya karɓarsa a matsayin sabo. Misali na 7 ne bukkar. Ta 20 yana zaune daram tsakanin 15 da 25 ɗinka, kuma ɗigo ɗaya a cikin zango ya isa ya rushe zangon duka.

Akwai shari'ar da ake koya wa kowa a wannan fanni, ta Titanium Metals da Banner, a Amurka, 1985. Kamfanin ya nemi fatent a kan haɗin taitaniyam mai nikel kashi 0.6 zuwa 0.9 da molibdinam 0.2 zuwa 0.4, don sun gano ba ya cin tsatsa a ruwan gishiri mai zafi. Sai ga wata tsohuwar maƙala ta Rasha, a jikin zanenta akwai ɗigo mai nikel 0.75 da molibdinam 0.25. Rashawan ba su ce uffan a kan tsatsa ba. Kotu ta ce ƙarfen dai shi ne ƙarfen, gano sabon halinsa bai mayar da shi sabo ba.

Don haka ka bar tambayar wa ya fi fahimta. Tambayi kanka: in aka ajiye garinka da garin misali na 7 a kan tebur, aka miƙa wa wanda bai san tarihinsu ba, da wane awo zai bambance su? Kada ka ce "nawa an gasa shi a oksijin". In ka siffanta kaya da hanyar yinsa, sai kayan da kansa ya zama daban kafin a karɓa. Hanyar gashin kana iya yi mata da'awa tata daban, amma kama mai satarta wuya ne, tunda ba ka shiga masana'antarsa. Sannan ka duba ko bambancin yana rubuce a takardar da kuka shigar a Maris, don sashe na 123(2) ya hana a ƙara ko tsinke bayan an shigar.

Bagumale a Jamus:

Yaya, Allah ya saka da alheri. Maganar bukkar nan ta yi min zafi, amma na gane.

Na koma na karanta D1 da fassarar inji har sau uku. A misali na 7 sun ce an gasa a digiri 350, amma ba su faɗi a cikin wace iska ba. Wannan kuwa a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Yaɓen daga sinadarai masu narkewa a barasa ake haɗa shi, in gashin bai samu isasshen oksijin ba sai ragowar kabon da litiyam kabonet su maƙale a sama. Nawa kabonet ɗinsa bai kai kashi 0.2 na nauyi ba, wanda na taɓa gasawa a iskar ɗaki kuwa ya kusa 0.6. Lambobin suna cikin jadawali na 3 na takardarmu, sai dai ba mu rubuta su a matsayin zango a cikin bayani ba. Lauyan jami'a ya tambaye ni a lokacin ko akwai wani awo mai muhimmanci, na ce masa a'a, don hankalina duk yana kan tantalam. Laifina ne.

Malam Dakta:

Ɗana, kada ka raina yaɓe, kada kuma ka raina ɗan bambancin da sai na'ura ke gani. LiFePO4, sinadarin katod da ake kira LFP, daga ɗakin gwajin John Goodenough a Jami'ar Tekzas ya fito, maƙalar ta bayyana a 1997, amma wuta ba ta ratsa shi da kyau. Lulluɓin kabon da su Michel Armand suka yi a Kanada tare da kamfanin lantarki na Hydro-Québec shi ya sa ya shiga kasuwa, kuma fatent ɗin lulluɓin ne hukumar Sin ta soke a 2011. Yau ka duba wace ƙasa ce ke yin mafi yawan batirin LFP a duniya.

Shi kansa NMC ɗin da kake yaɓewa an yi rigima a kansa. Kamfanin BASF da cibiyar bincike ta Argonne sun kai kamfanin Umicore ƙara a Amurka a 2015, kuma gardamar ta tsaya ne a kan ko tsarin ƙwayar iri ɗaya ne ko iri biyu ne a sarƙe. Masana aka yi ta kirawo suna musu a kan hotunan na'urar hangen ƙwayoyi. Hukumar ITC, mai sauraren ƙararrakin cinikin ƙasa da ƙasa a Amurka, ta ba BASF gaskiya a ƙarshen 2016, daga baya suka sasanta.

Af, in abin ya yi kuɗi, kai me za ka samu? Goodenough dai ko sisi bai ci ba daga katod ɗin LiCoO2 da ya gano a 1980, don Oksfod ba ta nemi fatent ɗin ba, ya sa hannu ya bar wa cibiyar Harwel.

Bagumale a Jamus:

Malam, dokar Jamus ta ba masu ƙirƙira na jami'a kashi 30 na kuɗin da ya shigo. Mu uku ne a takardar, kuma kashi 30 na babu, babu ne.

'Yar Katsina a Munik:

Yawwa, yanzu ka zo inda ake magana. A Turai ba a cewa tsohuwar takarda ta ƙunshi abin da ba ta faɗa ba, sai in duk wanda ya bi girkinta dole nan zai sauka, babu makawa. Tunda D1 ta yi shiru a kan iska, ga ƙofa. Amma mai tantancewa zai ce awon kabonet ba abu ne da aka saba siffanta yaɓe da shi ba, D1 ba ta auna ba, ƙila nata ma ƙasa da 0.2 yake. Nauyin nuna akasin haka a kanka zai faɗo. Sai ka dafa misali na 7 da hannunka, daidai yadda suka rubuta, ka gasa ɗaya a iskar ɗaki, ɗaya a agon, ɗaya a oksijin, ka auna.

Lambobi a jadawali kaɗai da wuya su haifar maka da zango, Turawan nan suna da tsauri a kan wannan. Sa'arka ɗaya, shekarar fifiko ba ta cika ba. Kuna da wata 12 daga Maris ku shigar da sabuwar takarda, ko ta PCT, wato ta ƙasa da ƙasa, mai ɗauke da zangon kabonet, hanyar aunawa dalla-dalla, da sakamakon kwatancen. Duk abin da kuka ƙara sabuwar rana zai ɗauka, ba ranar Maris ba. Ma'ana ka rufe bakinka har ranar. Ba maƙala, ba allon taro, ba ɗora kundin digiri a intanet. Amurka da Japan suna yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara ɗaya in shi ya fallasa abinsa, Turai ba ta yi. Takardarku ta farko ba za ta fito fili ba sai bayan wata 18, ita ba damuwa.

In ka tsallake ƙofar farko, ta cewa abin sabo ne, za su tare ka da cewa gashi a oksijin ai kowa zai gwada. A nan za ka fito da kashi 91, amma ka kwatanta shi da misali na 7, ba da tsohon LiNbO3 ba. In kuma ka dafa nasu ya ba ka kashi 90, ka faɗa wa lauyanku gaskiya tun kafin a ƙara kashe kuɗi.

Bagumale a Jamus:

Yaya, wannan jimlar ta ƙarshe ita nake tsoro, don ban taɓa gwada Ta 20 a iskar ɗaki har caji 300 ba. Na yi magana da farfesana yau da safe. Ransa bai so a riƙe maƙalar ba, amma ya yarda zuwa Maris. Na kama layin tanda ranar Litinin, tukunya uku. Kowane zagaye na caji da sauke caji awa 6 yake ci, 300 ke nan kwana 75, in babu wanda ya mutu a hanya. Tashoshin gwaji huɗu kawai aka bar min, sauran wani ɗan Indiya ya riƙe har Disamba, gobe zan je masa da shayi in roƙi biyu.