Girkin Japanawa da cefanen kasuwar Sabon Gari: zai yiwu kuwa?

Maman Abba, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a gida, kuma an shawarci maigida da ya rage maiƙo da gishiri saboda hawan jini. Na sha jin cewa Japanawa suna cikin al'ummomin da suka fi tsawon rai a duniya, ana kuma danganta hakan da cimarsu. Shin akwai abin da zan iya ɗauka daga girkinsu da kayan da ake samu a Sabon Gari, ba tare da kuɗin cefane ya ƙaru ba, kuma ba tare da yara sun juya wa kwano baya ba?

Hajiya Babba, Samaru:

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Zai yiwu, matuƙar tsarin cin nasu za ki ɗauka, ba kayan kwalba da ake shigowa da su ba. Cimarsu ta gargajiya, wadda Hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a shekarar 2013, tana tafiya ne a kan shinkafa ɗan daidai, romo guda, da mahaɗi uku a ƙananan kwanuka: ɗaya na kifi ko awara ko ƙwai, biyu na ganye. Mu kuwa mukan cika faranti da shinkafa, mu malala miyar da mai ke yawo a kanta, ganye sai an tuna.

Kusan duk abin da wannan tsari yake bukata muna da shi. Awarar da muke soyawa ita ce suke ci kullum, sai dai sun fi yanka ta ƙanana su jefa a romo, wanda hakan ya raba ki da sayen man suya. Alayyahu kuma sukan tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, su tsame, su matse, su cakuɗa da soyayyen riɗi da aka daka, wato dai kwaɗo ne da riɗi ya maye gurbin ƙuli-ƙuli, kuma zogale ma yana karɓar wannan haɗi. Romon nasu ana yin sa da busasshen kifi da ganyen teku. Ke ki jiƙa ƙananan busassun kifi, ki tafasa da albasa da citta, ki zuba kabeji da karas daga ƙarshe don kada su narke. Shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, don haka shinkafar tuwo ta fi kusa da ita, ga ta da sauƙin kuɗi.

Baban Ummi, Kwangila:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina da gyara a kan gishiri, tunda shi ne ya kawo tambayar. Girkin Japanawa yana da ƙarancin mai, ba shi da ƙarancin gishiri, domin miso (wani kwaɓin waken soya da aka ruɓar) da suke kaɗawa a romo da baƙin ruwan waken soya da suke kira shoyu duka cike suke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali babban cokali ɗaya na shoyu ya kusa rabin wannan adadi. A ganina daddawa ta fi dacewa da gidanki, ko ta kalwa ko ta waken soya, domin ita ma ruɓar da ita ake yi kamar miso da shoyu har ta ba da ɗanɗano mai zurfi irin nasu, kuma idan ta wadata a tukunya sai ki rage dunƙulen magi.

Sannan a kula da mirin da sake, waɗanda suke yawan shiga girkinsu, domin giyar shinkafa ce. Ruwan lemon tsami da ɗan zuma sun isa. Maganin da likita ya rubuta wa maigida kuma ya ci gaba da sha.

Maman Abba, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun yara, domin ban ga alamar za su yarda da awara a romo ba.

Anti Amarya, Kofar Doka:

Yaya, kada ki fara musu da romo. Ki fara da abin da Japanawa suke kira oyakodon: ki dafa albasa da 'yan yankan kaza a cikin romo kaɗan, ki kaɗa ƙwai ki zuba a kai, ki rufe har ya kama, sannan ki juye a kan shinkafa. Cinyar kaza biyu za su zagaye gida saboda ƙwan ya ƙara auki, kuma babu suya ko kaɗan. Kifin Titus ma suna cinsa sosai a gashe, don haka ki tsaga shi, ki shafa citta da tafarnuwa, ki ɗora a kan garwashi. Ɗanyen kifi irin na sushi kuwa kada ki kusance shi, ganin yadda ƙanƙara take narkewa a kasuwa idan an ɗauke wuta. Idan sun saba da waɗannan, sai ki riƙa gasa awarar a kasko da ɗan mai kafin ki jefa ta a romo.